Layin Igiya da Layin Takarda

Akwai labarin da ake ba ku a kaina tun kuna ƙanana, ban kuwa taɓa buɗe baki na gyara shi ba. A Filinge ana cewa ubanku Amadu mutum ne da bai san sani ko sabo ba, wanda a shekarar yunwa ya mai da yayansa uwa ɗaya uba ɗaya gida hannu banza don kada a ce ya yi son kai. 'Ya'yan yayan nawa, Yaya Sanda, kuwa, can Najeriya, da wani labarin suka tashi: wai baffansu ya samu gindin zama wurin Nasara, ya manta cikin da ya fito. Duka biyun na ji su, na bar su suna yawo shekara da shekaru. Yanzu ina so in rubuta abin da ya faru da hannuna, da ɗan bokon da na koya da furfura a ajin yaƙi da jahilci. Abin da ya faru bai kai ko ɗaya daga cikin labaran nan girma ba. A kan kalma ɗaya ya faro, ta Ingilishi, wadda ku ma kuke faɗa kullum ba ku san baƙuwa ba ce.

Kalmar ita ce layi. Masu ita suna faɗinta kusan yadda muke faɗi, sai dai su gutsure mata ƙarshe. Sa'ad da nake yaro a tungarmu, can gefen Tabla, ba wanda ya san ta. A masallaci sahu muke yi, a gona kunya muke bi, in mata sun fito daga rijiya mu ce sun jeru. Sai da na zama saurayi na bi 'yan Kurmi zuwa Gwalkwas, can kudu, kamar yadda samarin ƙasarmu ta Kurfai ke yi a zamanin, sannan na gamu da ita. Yaya Sanda shi ya tsaya a gonar ubanmu, ni na tafi neman tufafi. Ranar da na fara dako a tashar jirgin ƙasa ta Kumasi, na gaji na zauna kan ƙarfen da jirgin ke bi, wani mai hular kwano ya taso mini da faɗa. Wani Basakkwace da muke dako tare ya ja ni gefe ya ce ƙarfen nan shi ake kira layi, ba a zama kansa. Na riƙe. Ran Asabar da aka zo sallamarmu aka ce mu yi layi, ni kuwa na shiga waige-waigen ƙarfe, har na ga mutane suna tsayawa wani bayan wani. A kasuwa aka ce mini in ina neman mutanen ƙasarmu in je layin 'yan albasa. Da na gangara Takoradi, bakin teku, na tarar masunta ma da layi suke kama kifi, zare ne mai ƙugiya a baki.

Aikin da na fi daɗewa a kai shi ne gadi a gidan wani Baturen katako. Wata rana hadari ya haɗo, matar gidan ta leƙo ta taga ta ce in yi maza in kwashe kayan da ke kan layi. Na buɗe ƙofar gida da gudu na fita titi, ina dube-dube, don a lokacin na riga na koyi cewa titin unguwa ma layi ne. Na dawo na tarar kukun gidan, wani dattijo mai jin Hausa, yana kwasar tufafi daga igiyar shanya yana dariya har da hawaye. Bayan 'yan kwanaki tarhon gidan ya daina aiki, na ji ana cewa layi ya mutu. Ranar nan na tambayi kukun yadda aka yi kalma guda take ɗaukar kaya haka.

"Jakin haya ce," in ji shi. "Kowa ya samu sai ya ɗora mata nasa. Kai dai in Bature ya faɗe ta, kada ka tsaya ga bakinsa, dubi hannunsa."

Ina can Kurmi aka ba mutanen Gwalkwas mulkin kai, ƙasar ta koma Gana, ina can kuma na ji a rediyon wani mai shayi cewa ƙasarmu ta samu nata. Ban ga abin da ya canza ba sai da na taso ganin gida, direba ya tsai da mota a tsakiyar daji ya ce mun iso layi, kowa ya fito da takardarsa. Na leƙa ƙasa ban ga komai ba, ciyawa ce nan, ciyawa ce can. Wannan layin da ba a gani shi ya dawo da ni gida gaba ɗaya, shekarar da aka ce baƙi su bar Gana. Na iso Filinge da uwarku Mariyama, wadda na aura a zangon Kumasi, da 'ya'ya biyu, da kan keken ɗinki naɗe cikin bargo. Na kama ɗaki a unguwar kasuwa na fara tela. Gwaggo Tani, ƙanwar ubanmu, wadda ta rene mu ni da Yaya Sanda bayan rasuwar innarmu, ta dawo wurina da zama saboda ciwon ƙafa, don nan ne kusa da likita.

Tsakanina da Yaya Sanda babu komai sai alheri, wannan ina so ku riƙe shi. Da kaka yakan aiko mini da dammunan hatsi a kan raƙumin haya, ni kuma in ɗinka wa iyalinsa kayan Salla. Mutum ne marar yawan magana, in ya zo kasuwa yakan zauna bakin shagona har la'asar, abin da zai faɗa bai wuce a ƙirga da yatsu ba. A garin kuwa an san ni da abu guda, wai ina jin Ingilishi. In direban Najeriya ya ɓata hanya ni ake kira, ko da yake da Hausa muke ƙarewa. Ingilishina na tasha ne da bakin teku da ƙofar gidan Bature. Ko harafi ɗaya ban iya karantawa ba. Amma a garin da 'yan lakwal, wato makarantar boko, Faransanci kawai suka sani, ba mai gwada ni, ni kuma ban taɓa rage wa kaina tsawo ba.

Sai ruwa ya fara gajarta, shekara bayan shekara, har aka zo wadda hatsi ya bushe tun bai fitar da kai ba. Ba zan tsaya ba ku labarin yunwar ba, kun ji shi a bakin da ya fi nawa. Makiyaya sun gangaro daga arewa suna ba da saniya a kan abin da bai cika ƙwarya ba. Mata suna jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Na ga dattawa masu rawani suna tona gidan tururuwa. Wanda bai ci ba ba ya ɗinka riga, don haka na rufe keke da zane. Uwarku tana da ciki na uku. Da bazara soja suka karɓi mulki, ba da daɗewa ba manyan motoci suka fara isowa da jar dawa ta taimako, wadda ake raɗe-raɗin a ƙasar da ta fito dabbobi ake ba. Tare da dawar aka turo wata Baturiya doguwa, mai tabarau, wadda Faransancinta bai wuce gaisuwa ba. Madam kowa ke kiranta. Akawun ofishin kwamandan mai mulkin gari, Mushe Hamani, kamar yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, ba ya jin Ingilishi, sai dai su yi ta rubuce-rubuce da nune-nune. Shi ya aiko gardi, dogarin ofis, ya kira ni. Aka ɗauke ni tafinta, ladana tiya biyu ta dawa kowace ranar aiki.

Sati uku aiki yana tafiya lafiya. Abin da take faɗa ba shi da wuya: su zauna, su taso, mata su fara, kawo buhu. Kalmar nan kuwa ba ta barin bakinta. Cikin gwangwanin awo ta sa an zana alama da jan fenti, ta ce a riƙa cikawa iyakar layi. In za ta yi magana da Yamai sai ta ce za ta je ofis ta nemi layi. Saboda turereniya kuma ta sa gardawa suka kafa turaku biyu a filin da ke gaban sito, aka ɗaura igiya daga wannan zuwa wancan, ta ce kada kowa ya tsallake layi sai an kira shi. Duk ina ganewa, har na fara jin kamar da Ingilishi aka haife ni.

Ranar da abin ya faru Talata ce. An aika ƙauyuka cewa mota ta zo, amma mota ɗaya ce, mutanen da suka taru kuwa sun fi ƙarfin uku. Abin da ban sani ba shi ne, tun daren jiya Madam da Mushe Hamani sun zauna sun jera sunayen garuruwa a takarda, na nesa da waɗanda yunwa ta fi ci a sama, na kusa a ƙasa, suka ja jan alƙalami a tsakiya. Na saman za a ba yau, na ƙasan su jira mota ta gaba. Da safe kwamandan ya aiko a kira Mushe Hamani, ya tafi bai dawo ba sai yamma. A filin kuwa, mutanen gari da na ƙauyukan kusa, da yake su suka riga zuwa, gardawa sun bar su sun zauna cikin igiya har wurin ya cika. Na nesa, waɗanda suka kwana suna tafiya, sun iso da hantsi sun tsaya bayan igiya. Madam ta fito ƙofar sito, 'yan dako suna sauke buhuna, injin mota yana ruri. Ta ɗaga murya ta ce mini in gaya musu dawa ba za ta isa kowa ba, waɗanda ke saman layi za a ba yau, waɗanda ke ƙasansa su koma sai mota ta gaba. Takardar tana hannunta, na tabbata har kaɗa ta ta yi. Ni idona yana kan taron. Na san kalmar sama, na san kalmar ƙasa, amma da yake igiya ce a gabana, sai kaina ya mai da su ciki da waje. Ban tambaye ta ba. Ita ta juya ta koma cikin sito wajen awo, ni na hau kan wani turmi na yi shela da Hausa, na maimaita da Zabarmanci: wanda ke cikin igiya ya zauna, wanda ke bayanta ya koma gida sai an sake kira.

Na zaci za a yi hayaniya. Ba a yi ba, mai yunwa ba ya da ƙarfin gardama. Mutane suka fara naɗe buhunansu suna juyawa. Ina saukowa daga turmin na ga Yaya Sanda, hannunsa ɗaya a kan igiyar, bayansa mutanen tungarmu wajen goma sha. Ban san ya zo ba. Ya rame har rigar da na ɗinka masa bara tana lilo a jikinsa. Muka gaisa kamar kullum, ya tambayi Gwaggo da jiki, sannan ya ce:

"Amadu, har da mu?"

"Har da ku, Yaya. Haka aka ce."

Ya dube ni, ya dubi igiyar. Taki ɗaya ne tsakaninsa da ciki, kuma da na ɗaga masa ita ba gardin da zai hana. Amma idon mutane yana kanmu, na ciki da na waje, kowa ya san yayana ne. Na ce masa ya biya gida ya sha ruwa, in na tashi zan same shi. Ya ce mutanen garin tare suka zo, tare za su koma.

"Allah shi kai mu motar gaba," in ji shi, ya saɓa buhunsa ya tafi.

Har nan kuskure ne, irin wanda kowa ke iya yi. Abin da ya biyo baya shi ne nawa. Bayan kamar sa'a guda aka gama sauke kaya, Madam ta sa aka fito da tebur, ta zauna, ta shimfiɗa takardar a gabanta. Ina tsaye a kafaɗarta, sai na ga jan zane ya ratsa takardar daga gefe zuwa gefe. Ta ɗora yatsa a kan sunan farko ta karanta, na maimaita da ƙarfi. Wani gari ne can arewa. Ba wanda ya motsa. Ta karanta na biyu, shiru. Na uku sunan tungarmu ne, ta faɗe shi a karkace yadda Turawa ke yi, ni na gyara shi na faɗa wa filin, har sau biyu. Kafin in rufe baki na riga na gane komai. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce ina mutanen garuruwan nan, ba an aika musu ba?

Motarta ƙarama tana nan a inuwar sito, direbanta yana barci a ciki. Gardawa biyu suna da dawaki. Mutanen da na sallama a ƙafa suke, da yunwa, cikin rana. Ba inda suka kai. Duk wannan na lissafa shi a tsaye, ba wai daga baya ya zo mini ba. Na kuma tuna akwai wani malamin lakwal da aka ce ya ɗan yi Ingilishi a Yamai, wanda tun farko yake zagayen aikin nan. Na tuna tiya biyu da cikin uwarku. Amma in zan faɗi gaskiya, ba dawar ce ta fi nauyi ba. Abin da na kasa shi ne in sake hawa turmin nan, a gaban garin da ya ɗauke ni mai jin Ingilishi, in ce ban ji daidai ba.

Na ce mata ba su zo ba.

Ta rubuta wani abu a gefen takardar. Ta ce ba za a mai da abinci sito ba alhali ga masu yunwa zaune, a ba waɗanda ke nan. Babu wanda ke jin abin da muke faɗa, ni kaɗai ne gada tsakaninta da filin. Aka yi ta awo har la'asar. Da Mushe Hamani ya dawo ya tarar an gama, ta nuna masa takardar ta yi masa alama da hannu cewa ba su zo ba, ya kaɗa kai ya ce wataƙila saƙon ne bai isa ba. Kafin wani ya gaya masa an sallami mutane, maganar ta riga ta zama wata: wai doka ce daga sama, tafinta kuma ya bi ta har a kan yayansa.

Labarin ya riga ni isa gida. Na tarar da Gwaggo Tani zaune a kan tabarmarta, ta miƙe ƙafar da ke ciwo. Ban gama sallama ba ta ce:

"Mi ka yi ma Sanda?"

Na ce doka ce. Ta ce ita ba ta san doka ba, ta san ta goya mu a bayanta mu biyu, kuma shi ya fi ni nauyi. Da aka kawo tuwo ta tura kwanon gefe. Ta ce ba ta cin dawar da aka kori Sanda a kanta, kuma ba ta ci ba, ranar nan da sauran ranakun. Anza da ganye uwarku ta riƙa nemo mata har ruwa ya sauka. Uwarku kaɗai na gaya wa gaskiya, bayan magariba, tana wanke kwanoni a bayan ɗaki. Ba ta ɗago kai ba har na gama.

"Gobe da sahe ka gaya ma Madam," ta ce. "Kuma ka ɗauki abin da ke cikin tukunyar nan ka kai mishi."

Na ce to. Da safe na je wurin aiki, na ga Madam, na gaishe ta, ban faɗa ba. Kai dawar kuma na ce sai Juma'a da ba aiki, don kada in rasa tiyar Laraba da ta Alhamis. Ran Juma'a na yi sammako da ƙunshin dawa a kai, na isa tungarmu rana ta karkata. Na tarar an ja ƙaya an toshe ƙofar gidan ubanmu. Wani tsoho maƙwabci, wanda ƙafarsa ba ta iya tafiya, ya ce tun ran Laraba da yamma suka tashi, gida huɗu, sun yi kudu ta hanyar Dogondutsi. Ya ce Sanda ya tara su ya gaya musu in har Amadu da bakinsa ya ce babu, to babu ɗin ne, kada kowa ya zauna jiran mota. Na bar wa tsohon dawar na juyo. Motar gaba kuwa ta zo bayan kwana goma sha biyu.

A shekarar nan ruwa ya sauka sosai. Duk wanda ya daure ya zauna, ya samu iri ya shuka, ya ga hatsi. Gonar ubanmu ta yi ciyawa har ƙirji. Da kaka wani mai fataucin shanu ya kawo labari cewa su Yaya Sanda sun isa ƙasar Argungu, amma ƙaramar 'yarsa Rabi, mai shekara huɗu, ba ta isa ba. Ƙyanda ta kama ta a hanya, jikin ba abinci, aka binne ta a wani ƙauye kafin iyaka. Gwaggo Tani ta ji, ta yi salati. Ta sake shekara biyu a gidana, muna gaisawa safe da yamma, har ta cika.

Ni kuwa abin ya zame mini tsani. Madam ta gama wa'adinta ta tafi, ta bar mini takardar yabo wadda ban iya karantawa ba. Kwamandan ya ji labarin tafintan da ya mai da yayansa, a lokacin kuwa soja suna neman mutanen da ba a saye, sai aka ba ni riƙon makullin siton hatsi na gari. Shekara ashirin da wani abu ina riƙe da shi, ban taɓa cin ƙwaya ɗaya da ba tawa ba, don wanda aka yi wa irin wannan suna ba shi da damar yin wani abu dabam. Da albashin nan aka gina gidan da kuka tashi a ciki, da shi kuka yi lakwal. Ku san abin da kuka ci. In baƙo ya zo yana ba ku labarin adalcin ubanku, kun tuna uwarku takan aiki ɗayanku sayen gishiri, ɗaya ɗibar ruwa, har ta watsa zaman. Ba ta sake tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya, ba ta kuma taɓa taya ni jin daɗin sunan ba.

Na aika wa Yaya Sanda saƙo sau da yawa ta hannun fatake, ya dawo ga gonarsa nan. Amsa ɗaya ce kullum: yana gaisuwa, ya gode. Sai da aka sake yin wata yunwar, bayan shekara goma da ɗoriya, na sake ganin mutane tsaye bayan igiya a filin nan, sannan na nemi izini na shiga mota. Na same shi a wani ƙauye bakin fadama, yana noman shinkafa a gonar aro. Ya karɓe ni yadda ake karɓar ƙane. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo hura, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na raye da waɗanda bai san sun rasu ba. Matarsa Kuluwa, uwar Rabi, ta gaishe ni daga bayan zana, ba ta fito ba. Bayan la'asar muka koma gindin wata tsamiya, yana ɓarar gyaɗar iri cikin ƙwarya. A nan na gaya masa, tun daga takardar har zuwa abin da na ce wa Madam. Sai da na yi masa bayanin kalmar kanta, yadda take igiya take kuma zane, yana saurare kamar ana ba shi labarin wata ƙasa. Hannunsa bai daina ɓara ba. Da na gama ya ce:

"Sunan garinmu shina cikin takardar?"

"Shi ne na uku, Yaya."

"Ta kira shi?"

"Ta kira. Ni na maimaita, sau biyu."

Ya zuba gyaɗar da ke hannunsa cikin ƙwarya, ya kakkaɓe ɓawon daga cinyarsa. Ya tambaye ni wane lokaci ne, na ce rana ba ta kai tsaka ba.

"To muna rijiyar bakin gari," in ji shi. "Mun ce mu bari rana ta yi sanyi. Can muka wuni, sai bayan la'asar muka tashi."

Rijiyar nan kun san ta. Daga ƙofar sito, in aka aiki yaro da gudu, kafin a ja guga biyu ya isa.

Muka zauna har aka kira magariba. Bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Da muka tashi ya ce abu ɗaya yake so a wurina, kada Kuluwa ta ji wannan. Ya ce shekara goma tana da wanda take jin haushi, abin ya zauna mata, da shi take iya tashi da safe. In aka ce mata 'yarta ta tafi ne a kan kalmar da wani bai ji daidai ba, bai san inda za ta ajiye shi ba. Na yi masa alkawari. Washegari ya raka ni bakin hanya, ya riƙe mini jaka har mota ta zo, ya sa mini ƙullin shinkafa a ciki ya ce in kai wa Mariyama.

Bai dawo Kurfai ba. Na sake zuwa sau biyu, na biyun jana'izarsa ce. Kuluwa ta rayu bayansa shekaru masu yawa, ni kuma na riƙe alkawarin, har a gabanku. Bara da kaka aka aiko cewa ta rasu. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa fitowa daga bayan zanar nan ta dube ni ba, ban kuma ga laifinta ba.